Sallah za ta same ni a bakin aiki, ku da ke waje yaya kuke yi?

Nas a Ingila: Assalamu alaikum 'yan zaure. An fito mana da jadawalin aikin watan Yunin 2025, na duba na ga ranar Juma'a 6 ga wata an sa ni tun bakwai na safe har bakwai da rabi na dare. Ranar ce kuma Babbar Sallah. Na je wajen shugabar sashenmu, ta ce mutum uku sun riga ni neman ranar, ba ta da wanda za ta sa a gurbina. Ba ta yi min wulaƙanci ba, tsakani da Allah, amma ina fitowa daga ofishinta banɗaki na wuce na sha kukana, na wanke fuska na koma kan marasa lafiya. Ta bara ina hutu, amma da ma aikin na je, don wuni na yi a ɗaki da waya a hannu ina kallon hotunan mutane. Ni na tura kuɗin rago, ni na tura kuɗin ɗinkin ƙannena huɗu, har na lalle da kitso, ni kuwa taliya na dafa na ci a tsaye. Don Allah ku da kuka daɗe a waje, yaya kuke yi da ranar nan?

Hajiyar Manchester: Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, shekarata ashirin da ɗaya a ƙasar nan, babu irin Sallar da ban gani ba. Kuskurenki ɗaya ne, kin jira jadawali ya fito. A nan Sallah ba ranar hutun gwamnati ba ce, daga hutunki na shekara za ki cira, kuma tun watan Janairu ake nema. Ki riƙa neman kwana biyu a jere saboda ba a san ranar da wata zai tsaya ba. Amma abin da ya fi aiki shi ne musaya. Ki sami wata abokiyar aikinki mai ƙananan yara ki ce mata, ki riƙe min Sallata in riƙe miki Kirsimeti. Wallahi da gudu za ta yarda, don su ranar 25 ga Disamba ita ce rigimar shekara a kowane asibiti. Ni shekara goma sha biyu ina aikin Kirsimeti kafin in ajiye aiki, ba a taɓa hana ni Sallah ba.

Nas a Ingila: Mama wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Na yi aikin Kirsimetin da ta wuce kuma a banza na yi shi, ban ƙulla komai da kowa ba.

Hajiyar Manchester: To kin yi sadaka. Bana ki yi ciniki.

Direba a Riyad: Ƙanwata ki gode wa Allah, ke aƙalla za a biya ki kuɗin ranar. Mutane suna jin an ce Saudiyya sai su ɗauka mu muka fi kowa more Sallah. Ma'aikatan kamfani dai doka ta ba su kwana huɗu, daga ranar Arfa. Mu direbobin gida ba ma cikin wannan tsarin, namu daban ne, kuma ranar Idi ita ce ranar da na fi kowace rana tuƙi. Nan ana sallar Idi da hudowar rana, biyar da 'yan mintuna an sallame. Daga masallaci sai mayanka, don ba a yanka a ƙofar gida, tara ake ci. In bi layi da ragon maigida a bayan mota, in jira a feɗe a zuba a leda, in kawo. La'asar na yi sai kai mata gidan kaka, daga nan gidan goggo, daga nan wajen wasan yara, ni ina cikin mota ina jira har biyun dare. Ba za su hana ka nama ba, wannan kam suna da kyauta, har kuɗin Idi maigidana yana ba ni. Amma ka ci nama kai kaɗai a ɗakin direba kana kallon bango, ai ba layya ka ci ba, abinci ka ci.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne Malam direba. Ni ina Tamanrasset ta Aljeriya wajen aikin gini, shekara ukku ke nan ban yi Sallar layya gida ba. Abin da ya fi yi mini ciwo ba naman ba ne, wutar ce. Ku na Nijeriya soyawa kuke yi, mu gashi muke. A feɗe rago a buɗe shi, a ɗaure bisa itace biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wuta guda babba bakin titi, na gida biyar ko shidda wuri guda. Wuni ake ana juyawa ana shafa mai da yaji, hayaƙi ya rufe unguwa, maza na zaune ana shayi. Ranar kayan ciki kawai ake ci, sai washegari a sassare a shiga rabo. Nan mu takwas ne ɗaki guda, bara mun haɗa kuɗi muka sai akuya, muka ce sai mun yi irin na gida. Iccen da muka samu guntayen katakon gini ne, naman ya fito yana warin fenti. Mun cinye shi sarai.

Mai Kaya a Gwanzu: Hahaha, Allah ya ba da lada. Mu a Sin ko akuyar ba mu gani ba. Idi dai muna yi, masallacin da ake danganta wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana cika har waje, ka ga Musulmin ƙasar da fararen huluna, ga Larabawa, ga 'yan Mali da Gini da Senegal. Ana sallamewa kowa ya kama jirgin ƙasa ya koma kasuwa, don masana'anta ba ta san da wata Sallah ba, kwantena kuma ba ta jira. Muna gaban gida da awa bakwai, to lokacin da na dawo daga Idi su ko asuba ba su yi ba. Sai dare in kira, a zagaya da wayar gida-gida, kowa ya ce barka da Sallah, ina goron Sallata. Wani yaron ma ban san an haife shi ba.

Kawu na Fagge: Ni ina gida, ƙanina ne ya sa ni a zauren nan, amma ku yi haƙuri in faɗi wata magana ko ba za ta yi daɗi ba. Kuna ta kukan kaɗaici, mu nan kukan me za mu yi? Kun san nawa rago yake a bana? Nijar ta hana fitar da dabbobi a watan Mayun 2025, ku je Maigatari ko Mai'aduwa ku gani da idonku. Magidanta nawa ne a layinmu da ko kaza ba za su yanka ba? Ku kuna karɓar fam da riyal da dala, a 2025 ɗin nan fam ɗaya ya haura naira dubu biyu, sannan a ce mutum yana kuka don ya ci taliya. Wanda ke ciki yana neman fita, wanda ya fita yana kuka. Ku yi shiru ku gode wa Allah, ku turo abin da za ku turo.

Direba a Riyad: Yaya da girmanka, amma wannan "ku turo" ɗin ita ce matsalar. Tun da watan Zulƙida ya kama wayata ba ta huta ba. Wanda bai taɓa kirana ya ji lafiyata ba tun azumi, yanzu shi ne mai "ina ta nemanka ba ta shiga". Albashina bai kai abin da kuke zato ba, kuna lissafa shi da naira ne, ni kuwa da riyal nake sayen katin waya da magani. Bara sai da na ci bashin wani ɗan Sudan na cika kuɗin rago biyu, ɗaya na mahaifiya ɗaya na gidana, ban gama biya ba sai Muharram. Ko hoton ragon ba a turo min ba sai da na yi magana sau uku.

Kawu na Fagge: To wa ya aike ka cin bashi? Layya ai ga mai hali take.

Direba a Riyad: Ka je ka faɗa wa tsohuwa haka, ɗanta yana Saudiyya maƙwabta sun yanka ita ba ta yanka ba. Ka san abin da za a ce a unguwa.

Ɗan Damagaram: Hana fitar da bisashen nan ma, Kawu, don farashi ya sauka cikin ƙasa aka yi shi, amma makiyayanmu su ma kuka suke, kasuwarsu babba Nijeriya ce. Kowa da inda takalmi ke cizonsa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a sassauta. Baiwar Allah tambaya ta yi, kada mu mayar da abin faɗan 'yan gida da 'yan waje.

Nas a Ingila: Kawu ban ji haushi ba, kuma ban ce na fi kowa matsala ba. Ni ba kuɗin ke damuna ba, da zuciya ɗaya nake turawa, don su na fito. Abin da ke damuna shi ne ranar Sallah in an kira ni, daga "mun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi" sai a miƙa wa na gaba. Ba wanda ya taɓa tambayata, ke me kika ci yau? Ke kin sa sabon kaya? Kamar ni ba mai Sallah ba ce, mai ɗaukar nauyin Sallah ce kawai.

Baban Yara a Bronx: 'Yar'uwa, wannan magana taki ita ce maganar. Ni ɗan zangon Kumasi ne, na zo Amurka ina saurayi, yanzu babban ɗana yana jami'a. Shekaru na farko haka na yi kamar ke, duk Sallata tana cikin waya. In kashe kuɗi a Kumasi, in zauna a New York ina jiran hoto. Abin da ya farkar da ni, wata shekara ɗiyata tana da shekara shida, malamarsu ta ce kowa ya zana bikin gidansu. Yarinya ta zana ni zaune a kujera da waya a kunne. Ta ce wannan shi ne Idi, ranar da Baba yake magana da mutanen Gana. Wallahi ban yi barci ba ranar.

Daga shekarar na canza. Ina turawa gida har gobe, amma sai na fara ware na gidana. Ranar Idi ba na taɓa mota, tasi nake tuƙawa, ko nawa za a samu na yafe. Mu kama hanya mu je gona a New Jersey ko Pennsylvania inda ake yanka, yara su ga ragon da ransa, su taɓa shi, su ji kabbara. Mu dawo iyali shida mu haɗu a gida ɗaya, mata su yi wake da shinkafa da tuwon zafi, yara su zagaya suna gaida manya ana ba su dala ɗaya-ɗaya sababbi. Na kan je banki musamman don sababbin. Kuma Allah ya taimake mu, tun 2015 birnin New York ya sa Idi biyu cikin ranakun hutun makarantun gwamnati, ba sai ka rubuta wa malami takarda ba. Wannan ba daga sama ya faɗo ba, shekaru Musulmi suka yi suna nema.

Ki daina jiran a kawo miki Sallah daga Kano, ba za ta zo ba. Inda kike nan za ki haɗa taki, ko da mutum uku ne.

Kawu na Fagge: A nan ɗin ma ba kamar da ba ce, Alhaji. Hawan Daushe da na Nasarawa da kuke kewa, ƙaramar Sallar da ta wuce ba a yi ba, 'yan sanda sun hana saboda rigimar sarauta. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya, mu kuma ko ƙarar bindigar hawa ba mu ji ba. Yarana a gaban talabijin suka yi yawon Sallah.

Mai Kaya a Gwanzu: Ashe dai kowa a waya yake Sallah.

Nas a Ingila: Wata tambaya kuma ga malamai. Wata 'yar Pakistan da muke aiki tare ta ce masallacinsu sai Asabar za su yi Idi, don su ganin watan Maroko suke bi, ba na Saudiyya ba. Asabar ɗin kuwa ina hutu. In bi su? Sannan layyata da za a yanka a Kano ranar Juma'a ina bakin aiki ban yi Idi ba, ta yi?

Malam Ɗalibi a Madina: Layyarki ta yi in sha Allah. Wakilci ya halatta, kuma lokacin yanka ana duba wurin da dabbar take ne. In limamin garinku a Kano ya sallame ya yanka, wakilinki ya yanka bayansa, shi ke nan, ko kina bakin aiki. Sallar Idi kuma a mazhabar Malik sunna ce mai ƙarfi, wanda uzuri ya hana shi babu laifi a kansa, an ma so ya yi raka'a biyunsa shi kaɗai. Jinyar marasa lafiya ba ƙaramin uzuri ba ne. Batun Asabar, saɓanin ganin wata a Ingila tsohon abu ne, kowane ɓangare da malamansa. Shawarata mutum ya tsaya a kan jama'ar da ya saba bi. Kada ya zama bana Maroko, baɗi Saudiyya, gwargwadon yadda jadawalin aiki ya faɗo.

Ɗan Damagaram: Mu ma Nijar Asabar ce, Malam. In ta bi Asabar ai ta bi maƙwabta.

Hajiyar Manchester: Malam ya faɗi nasa, ni kuma ga nawa na tsofaffi. Ranar Sallah ɗaya ce amma kwanakinta uku ne. A nan ma ko kin yi Idi Juma'a ba za ki ga namanki ranar ba. Ba a yanka a gida, wajen mahauci ake ba da suna da kuɗi tun da sati biyu, shi ya kai mayanka, sai bayan an sauko daga Idi a fara yanka, nama ya iso washegari ko jibi a cikin kwali da lambarki a jiki. Ba kai, ba ƙafa, sai kin roƙa. Shekarar farko da na buɗe kwalin na ce wa maigidana, Allah ya jiƙansa, ina sauran ragon? Saboda haka mu a gidana ranar Asabar muke taro kowace shekara. Ki hau jirgin ƙasa ki zo. Zan yi waina da miyar taushe, alayyafo da kabewa duk ana samu a Cheetham Hill, akwai masu kawo funkaso, akwai mai dambun nama. Ki zo da kayanki na Sallah a jaka ki sa a nan, kar sanyin tasha ya kama ki.

Nas a Ingila: Mama ba ni da kayan Sallah. Na ɗinka wa kowa ban ɗinka wa kaina ba.

Hajiyar Manchester: Innalillahi. To wannan laifinki ne ba na mutanen gida ba. Akwai atamfa a akwatina, akwai 'yar Sakkwato mai keke a Longsight, turo min awonki ta akwatin sirri yau ɗin nan.

Baban Yara a Bronx: Hajiya Allah ya saka. Mu ma bana saniya za mu haɗa mu bakwai.

Malam Ɗalibi a Madina: Alhaji a lura dai, a mazhabar Malik ba a tarayya a kuɗin layya, sai dai mutum ya sa iyalan da yake ciyarwa a cikin lada. Sauran mazhabobin uku sun halatta bakwai a kan saniya ko raƙumi, kuma suna da hadisi a kai. Na faɗa ne don mutum ya san wanda yake bi.

Baban Yara a Bronx: Malam limaminmu ya ce ya yi. In ba ta zama layya ba ta zama watanda, yara dai za su ci nama.

Mai Kaya a Gwanzu: Tunda an zo maganar nama, kada wanda ya ce a aiko masa da soyayyen naman Sallah ta hannun matafiyi. Wani abokina ya tafi Landan da kilishi da dambu cikin robar fenti, uwarsa ta kwana uku tana yi, a filin jirgi aka karɓe aka jefa a kwandon shara yana kallo.

Hajiyar Manchester: Haka dokar take, nama da madara daga Nijeriya ba sa shigowa, ko an busar ko an soya. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, waɗannan nake sa a kawo min. In kina da yajin ƙuli mai kyau, tsire a tanda ma yana fita.

Direba a Riyad: Mu nan tsire ba sai an kawo ba. In ka je Makka ko Jidda, Hausawan da kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna sun mayar da shi abincin gari, Larabawa na layi suna saya, siriya suke ce masa. A Sudan kuma agashe. Randa na fara jin Balarabe ya ce a ba shi siriya na kusa yin dariya a gabansa. Ni dai in na sami rana ɗaya bayan Sallah, akwai 'yan Kano da muke haɗuwa a Batha, shayi da hira har asuba, ita ce Sallata.

Kawu na Fagge: 'Yata nas, na sake karanta abin da kika rubuta. Ƙanina shekararsa biyar a Dubai, ban tuna ranar da na tambaye shi me ya ci ranar Sallah ba. Maganar kuɗi kuwa ban janye ba, rago ya yi tsada.

Nas a Ingila: Barkanmu da Sallah 'yan zaure, na ce bari in dawo in ba da labari. Musaya ba ta samu ba, lokaci ya ƙure, amma na riga na ƙulla da wata mai 'ya'ya biyu, Kirsimetinta tawa ce, ƙaramar Sallata da babba nata ne, mun rubuta wa shugaba ta sa hannu. Juma'a na yi aikina. Na yi kabbarorina a bas, na yi raka'a biyu a ɗakin ibada na asibiti lokacin hutun shayi. Daren jajibere na zauna na zana wa kaina lalle a hannun hagu, ya fito a karkace, wata tsohuwa da nake auna wa jini ta riƙe hannun ta ce ƙonewa na yi? Da rana ƙanina ya kira ta bidiyo ana fiɗa, na ce masa kafin ka nuna min rago tambaye ni me na ci. Ya yi shiru, ya ce Yaya me kika ci? Na ce biskit. Ya kai wa Umma waya, ita kuma ta hau faɗa wai don me ban dafa ko shinkafa ba, kamar ita ce ba ta taɓa tambaya ba.

Asabar na je gidan Mama. Mun kai mu talatin a falo da kicin da matakala, har da 'yan Maraɗi da wata 'yar Garwa. Ɗinkin ya ɗan matse ni a hannu amma na sa. Naman Mama bai iso ba sai Lahadi, don haka kaji aka ci da wainar. An ba ni sauran miyar taushe a roba, a jirgi ta zube min a jaka, har yanzu katin aikina yana warin daddawa.

Hajiyar Manchester: Na ce ki sa a leda biyu kika ƙi. Robar kuma tawa ce, ki dawo min da ita.

Direba a Riyad: Hajiya a ajiye min waina ta baɗi, ko ta hoto ce.